Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Fastoci da Dattawan Ikilisiyoyin Maradi: Ku Koya wa Matasanmu Tarihin Littafi Mai Tsarki

Iyayena cikin Ubangiji, fastoci, masu bishara da dattawan ikilisiyoyin garin Maradi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, ina yi muku barka da aiki, da fatan Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin kiwon garken da ya damƙa a hannunku. Ni ɗanku ne, ɗaya daga cikin masu koyar da matasa a makarantar Lahadi, kuma na zaɓi in buɗe wannan wasiƙa kowa ya karanta domin abin da ke raina bai tsaya ga majami'a ɗaya ko ɗariƙa ɗaya ba. In na wuce gona da iri a wani wuri, ku yi mini gyara irin na uba ga ɗansa.

Kun sani, kamar yadda na sani, cewa muhawarar da a dā sai manyan malamai ke yi a kan ingancin Littafi Mai Tsarki, yau ta sauko cikin salular kowane yaro. Ɗalibinmu yana zaune a makaranta ko a rumfar kasuwa, abokinsa zai miƙo masa ɗan gajeren bidiyo na WhatsApp ko TikTok, inda wani mai magana ke buɗe Littafin yana nuna cewa ga aya ta ɓace, ga lissafi biyu sun saɓa, ga kuma littafin ƴan Katolika ya fi na ƴan Furotesta yawa, sannan ya rufe da tambayar da ke hana yaron barci: to wanne ne Maganar Allah a ciki? Yaron ya kawo tambayar majami'a, sau da yawa amsar da yake samu ita ce ya yi addu'a, ya daina sauraron irin waɗannan mutane, ko kuma a ce masa Shaiɗan ne ke son ya raba shi da bangaskiyarsa. Addu'a wajibi ce, ba na jayayya da wannan. Sai dai yaron zai koma gida ya buɗe littafinsa, ya tarar cewa lallai daga Matiyu 17:20 an tsallaka zuwa 17:22, ko an sa ayar cikin baka, kamar yadda mai bidiyon ya faɗa, kuma daga ranar zai fara zaton cewa akwai abin da iyayensa cikin bangaskiya suka sani suka ɓoye masa. Wannan zato ya fi kowace hujjar mai bidiyo illa, kuma mu ne muke shuka shi da shirunmu.

Roƙona gare ku ɗaya ne: ku koya wa ikilisiya, da Hausa, a fili, yadda wannan Littafi ya iso hannunmu, har da wuraren da ke da wuya.

Abu na farko da ya kamata matashinmu ya ji daga bakinku shi ne cewa ba mu da takardar da Bulus ko Luka ko Ishaya ya rubuta da hannunsa. Abin da muke da shi kwafi ne da aka yi ta juyewa da hannu tsara bayan tsara, har sai da injin ɗab'i ya bayyana a Jamus a tsakiyar ƙarni na 15. Na Sabon Alkawari kaɗai, a harshen Helenanci da aka rubuta shi, akwai rubuce-rubucen hannu wajen 5,800, wasu cikakku, wasu guntaye, ban da dubbai na tsofaffin fassarori a Latin da Suriyanci da Kibɗanci da harshen Habasha na dā. Ɗaya daga cikin mafi tsufa wani ɗan guntu ne da bai kai tafin hannu ba, mai ɗauke da ayoyi daga Yohanna sura 18, wanda aka samo a Masar, yana ajiye a birnin Mancesta na Ingila, kuma yawancin masana suna sa shi a ƙarni na 2. Daga ƙarni na 4 muna da manyan kundaye biyu da aka rubuta a kan fata: na Fatikan, da na Sina'i, wanda ke ɗauke da Sabon Alkawari cikakke, wanda Bajamushe Tischendorf ya ci karo da shi a gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i a 1844 da 1859. Mafi yawan shafukansa suna Landan, kuma tun 2009 an ɗora hotunansu a intanet, duk mai so yana iya dubawa. Wannan kundi ya girmi hijirar Annabin Musulunci ta shekarar 622 da fiye da shekaru 200, saboda haka duk wanda ke son ya san abin da Linjila ke cewa kafin wancan zamani yana da inda zai je ya gani da idonsa.

Masu juye rubutu mutane ne, suna gajiya, idonsu yana tsallake layi, wani kuma yakan ɗauki bayanin da na gabansa ya rubuta a gefen shafi ya shigar da shi cikin nassi. Kiristoci ne da kansu suka fara ƙirga waɗannan bambance-bambance. Tun 1707 wani malamin Oksfod, John Mill, ya buga Sabon Alkawari na Helenanci tare da wurare wajen 30,000 da kwafi suka bambanta, kuma yau da aka sami ƙarin kwafi adadin ya ninka wannan sau da yawa. Adadin yana da ban tsoro ga wanda ba a yi masa bayani ba. Amma a ɗauka wani dattijo ya rubuta wasiyya, ƴaƴansa da jikokinsa suka juye ta, ɗaya a Tasawa, ɗaya a Dakwaro, ɗaya a Madarunfa, ɗaya a Katsina, sannan ta asali ta lalace. Kowannensu zai yi kuskure, amma da wuya su yi shi a wuri guda, don haka in aka tara su aka jera, kuskuren na Tasawa zai fito fili domin sauran ukun ba su yi shi ba. Da kwafi ɗaya tak ya rage, ba za a ga bambanci ko ɗaya ba, kuma ba za a sami hanyar gane kuskurensa ba. Yawan kwafin ne ya kawo yawan bambancin, kuma shi ne ya ba da hanyar tantancewa. Mafi rinjayen waɗannan bambance-bambance na rubutun baƙi ne da jerin kalmomi, waɗanda ba sa ma fitowa a fassara.

Akwai ƴan wurare, duk da haka, da suka fi wannan girma, kuma a nan ne nake so mu daina kauce wa magana. Ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Markus, wato 16:9-20, ba sa cikin kundin Fatikan, ba sa kuma cikin na Sina'i. Labarin matar da aka kama da zina, Yohanna 7:53 zuwa 8:11, wanda dukanmu muke ƙauna kuma muka sha jin wa'azinsa, ba ya cikin mafi tsufan kwafin Yohanna, kuma a wasu kwafi na baya an same shi a wani wuri dabam, har cikin Luka. Jimlar nan ta 1 Yohanna 5:7 da ke ambaton Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki a matsayin shaidu uku a sama, wadda ke cikin fassarar Turanci ta 1611, ba ta cikin tsofaffin kwafin Helenanci. Erasmus, malamin da ya fara fitar da Sabon Alkawari na Helenanci a ɗab'i, bai sa ta a bugunsa na farko na 1516 ba, sai a na uku na 1522. Ayoyin da ake cewa sun ɓace, irin su Matiyu 17:21 da Yohanna 5:4 da Ayyukan Manzanni 8:37, labarinsu mai sauƙi ne: an sa wa ayoyin Sabon Alkawari lambobi a 1551 bisa kwafin da ke hannu a lokacin, waɗanda na baya-baya ne, daga bisani da aka sami waɗanda suka girme su aka ga ba su da waɗannan layuka, sai aka saukar da su ƙasan shafi aka bar lambar yadda take don kada lissafin ayoyi ya rikice. Wannan duk an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafin yawancin sababbin fassarori. Wanda ke son ya ɓoye abu ba ya buga shi a cikin littafin da yake sayarwa. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne a ce bayanin yana cikin littafin da yaronmu ke riƙe da shi kowace Lahadi, amma sai wanda ke son ya kayar da shi ne ya fara karanta masa.

Ya kamata kuma a faɗa masa cewa bangaskiyarmu ba ta rataye a kan waɗannan ayoyi ba. Tashin Almasihu daga matattu yana cikin Markus 16:6, kafin wurin da ake taƙaddama a kai, yana cikin sauran bisharu uku, yana cikin 1 Korintiyawa 15. Koyarwar Uba da Ɗa da Ruhu tana cikin Matiyu 28:19 da 2 Korintiyawa 13 da farkon Yohanna, kuma dattawan ikilisiya da suka taru a garin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a 325 sun kāre ta ba tare da jingina ga jimlar nan ta 1 Yohanna ba. Tun da na ambaci Nikiya, a gaya wa matasa cewa wancan taro bai zauna don zaɓen littattafai ko ƙone wasu ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Maganarsa a kan Allahntakar Almasihu ce da ranar Idin Tashi da tsarin ikilisiya. Haka kuma littafin da ake kira Linjilar Barnaba, mafi tsufan kwafinsa da aka sani da Italiyanci yake, daga ƙarshen ƙarni na 16.

Tsohon Alkawari yana da nasa labari. Mafi tsufan cikakken kwafinsa na Ibrananci da muke da shi a yau shi ne wanda aka gama a Alƙahira wajen 1008. A shekarar 1947 ne makiyaya suka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, cikinsu har da littafin Ishaya cikakke da aka rubuta fiye da shekaru 100 kafin haihuwar Almasihu. Da aka gwada shi da na Alƙahira, da tazarar fiye da shekaru 1,000 a tsakaninsu, sai aka ga littafi ɗaya ne, da surar nan ta 53 mai maganar bawan da aka yi wa rauni saboda laifofinmu, bambancin kuwa yawanci na rubutun baƙi ne da ƴan kalmomi. Adalci ya ce mu ƙara da ɗaya gefen: a kogunan an sami guntayen Irmiya da ke bin wani tsari gajere, irin wanda ke cikin tsohuwar fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya suka yi, wadda ta gaza wanda muke karantawa da kusan kashi ɗaya cikin takwas. Kuma akwai kuskuren lissafi da ba ya ɓoyuwa: 2 Sarakuna 8:26 ta ce Ahaziya yana da shekara 22 sa'ad da ya ci sarauta, rubutun Ibrananci na 2 Tarihi 22:2 ya ce 42, alhali ubansa ya mutu yana da shekara 40. Ɗa ba zai girmi ubansa ba. Kuskuren mai juyewa ne, kuma Littafin da kansa ya ba mu abin gyara shi. Faston da ya faɗi haka a mumbari bai rage wa Maganar Allah komai ba, ya dai tabbatar wa jama'arsa cewa shi mai gaskiya ne.

Batun yawan littattafai dabam yake da batun kwafi, kuma a raba su. Sabon Alkawari littattafai 27 ne a wurin Katolika da Furotesta baki ɗaya. Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, ya jera su a wasiƙarsa ta 367, taron Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau ya amince da su a 397, duka biyun a nan nahiyarmu ta Afirka. Saɓanin yana cikin Tsohon Alkawari, a kan littattafai bakwai, wato Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu, waɗanda aka gāda ta hanyar fassarar Helenanci amma ba sa cikin jerin Ibrananci na Yahudawa. Luther, jagoran gyaran da ya haifar da Furotesta, ya ware su gefe a bugunsa na 1534 a matsayin masu amfani ga karatu, taron shugabannin Katolika a Tarent, a Italiya ta yau, kuma ya tabbatar da su ga ƴan Katolika a 1546. Daga nan ne littattafai 66 na Furotesta da 73 na Katolika suka fito. Tun 2001 Maradi take da nata bishop na Katolika, ƴaƴanmu da nasu makaranta ɗaya suke zuwa, bai kamata ɗanmu ya riƙa faɗa wa abokinsa cewa sun ƙara wa Littafin Allah ba tare da ya san wannan tarihi ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafar ku, iyayena, domin shi ne ya fi raba kanmu a nan garin. Yawancin gardamar da ke tsakanin Kiristoci ba ta da alaƙa da tsofaffin kwafi ko kaɗan. Ayar ɗaya ce a gaban kowa, fahimtar ce ta bambanta. A 1529 Luther da Zwingli, jagoran Furotesta na Suwizalan, sun zauna a Marburg ta Jamus, suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan ma'anar gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, kowannensu yana riƙe da aya ɗaya da ta ɗan'uwansa. Mu ma haka muke. Wani yana yi wa jariri baftisma, wani sai mutum ya girma ya furta da bakinsa. Wani yana ganin magana da harsuna alama ce da kowane mai bi zai nema, wani yana ganin baiwa ce da Ruhu ke ba wanda ya ga dama. Wani ya karanta 1 Timoti 2:12 ya hana mace hawa mumbari, wani ya karanta Romawa 16 ya ga Fibi da sauran matan da Bulus ya yaba wa aikinsu, ya kuma dubi zumuntar mata da ke ɗauke da nauyin majami'unmu, ya ce su yi wa'azi. Ga kuma tambayar da ta fi kusa da gidajenmu tun zamanin da mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya iso Damagaram a 1924 ya kuma kafa tasharsa a Tsibiri ƴan shekaru bayan haka: mutumin da ya ba da gaskiya yana da mata biyu, me za a yi da shi, da su, da ƴaƴansu? Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma masu tsoron Allah sun amsa su ta hanyoyi dabam-dabam. Bitrus da kansa ya ce a cikin wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar ganewa, Romawa 14 kuwa sura ce guda a kan yadda masu bi za su zauna da juna alhali sun saɓa a kan abinci da ranaku. Abin da nake roƙo shi ne in za ku koyar da ra'ayin ɗariƙarku, ku koyar da shi da ƙarfinsa, amma ku faɗi hujjar ɗaya ɓangaren yadda mai ita zai ji ya ce lallai abin da nake nufi ke nan. Matashin da ya saba jin fastonsa yana kiran majami'ar da ke bayan layinsu ɓatattu saboda yadda suke baftisma, ranar da aka ce masa ku Kiristoci ma ba ku yarda da juna ba, ba shi da bakin magana.

Wannan ba ya nufin kowace fahimta daidai take. Akwai karatun da ke cutar da mutane, kuma rashin koyarwa ne ke ba shi wuri. Wanda ya tsinke 3 Yohanna aya 2, gaisuwar da dattijo ya yi wa abokinsa Gayus, ya mai da ita alkawarin arziki ga duk wanda ya ba da baiko mai tsoka, ko ya ɗauki Malakai 3:10 ya tsorata gwauruwar da ba ta da abin da za ta dafa da dare, ya yi wa nassi ƙarfa-ƙarfa, domin bai tambayi wa aka rubuta wa, a wane hali, da abin da ke gaba da bayan ayar ba. Haka wanda ya hana marar lafiya zuwa likita yana jingina ga Markus 16:18, ayar da ke cikin ɓangaren nan da tsofaffin kundaye ba su da shi. Mai bin da aka koya wa karanta sura dukanta ba ya faɗawa hannun irin waɗannan da sauƙi.

Ina kuma roƙonku ku ja kunnen matasanmu a kan yadda suke mayar da martani. Muna zaune da ƴan'uwanmu Musulmi gida ɗaya, wasunmu ciki ɗaya muka fito da su, kuma ba mu manta da majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ba, ko majami'ar da aka ƙone a nan Maradi a Yunin 2019. Yaron da ba shi da amsa shi ne yake saurin zagi, ya taɓa abin da maƙwabcinsa ke girmamawa don ya rama. Wanda ya san tarihin Littafinsa yana iya cewa cikin natsuwa, gaskiya ne, wannan ayar ba ta cikin tsofaffin kwafi, ga dalili, ga kuma inda za ka duba, su rabu suna gaisawa. Bitrus da ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, a wuri guda ya ce a yi shi da tawali'u da ladabi. A kuma gaya musu iyakar hujjar: tsufan kwafi yana nuna cewa abin da muke karantawa shi ne abin da ikilisiyar farko ta karanta, amma gaskata cewa Maganar Allah ce aikin bangaskiya ne, ba a tilasta wa kowa shi da gardama.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Makarantunmu na Littafi Mai Tsarki su sa wannan darasi cikin karatun masu bishara, da Hausa, domin yawancin abin da aka rubuta a kansa da Faransanci ko Turanci yake, alhali mai bisharar ƙauye shi ne ya fi fuskantar tambayar. A sami ƴan fastoci daga ɗariƙu dabam-dabam, har da ƴan'uwanmu Katolika, su zauna su rubuta ɗan ƙaramin littafi da zai bi waɗannan wurare masu wuya ɗaya bayan ɗaya, a kuma karanta shi cikin murya a rarraba ta WhatsApp saboda iyayenmu da ba su iya karatun boko ba. A cikinsa a bayyana wa jama'a dalilin da ya sa tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, wadda dattawanmu suka haddace, take bambanta a wasu ayoyi da wadda aka sabunta wajen 1980, da kuma ta Faransanci ta Louis Segond da ɗalibanmu ke riƙewa. A taron matasa kuma a keɓe lokacin da yaro zai rubuta tambayarsa a takarda ba tare da sunansa ba, a karanta ta a gaban kowa, a amsa abin da aka sani, abin da ke buƙatar bincike a sa masa ranar da za a dawo da amsa. Ni da wasu abokan aikina a makarantar Lahadi a shirye muke mu tattara tambayoyin da matasa ke kawo mana mu miƙa wa duk kwamitin da kuka kafa, in kun ba mu izini.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku da iyalanku.

Ɗanku cikin bangaskiya,
wani malamin makarantar Lahadi, Maradi